Akwatunan da ba a buɗe ba

Makon jiya na kwashi ɗalibaina goma sha huɗu 'yan ajin ƙarshe na kai su wani shagon kwamfuta da ke bayan makarantarmu, don su gwada hannu kafin jarrabawar JAMB. Ni da malamin kemistiri muka haɗa kuɗin awa biyu. A cikinsu akwai wani yaro, ɗan mai faskare, wanda a shekara ashirin da bakwai da na yi ina koyar da fiziks ban ga yara biyar masu kaifin ƙwaƙwalwarsa ba. Lissafin da ni sai na cika rabin allo, shi a ka yake yinsa, ya ɗaga hannu tun ban ajiye alli ba. Da aka zaunar da shi gaban kwamfuta sai na ga ya kama linzamin da hannu biyu, kamar mai riƙe da kwanon miya mai zafi. Kibiyar tana ta tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, gumi ya keto masa duk da fankar da ke kansa. Can ya juyo a hankali, don kada 'yan uwansa su ji, ya ce, "Malam, ta ƙi tsayawa inda nake so."

Cikin minti ashirin hannunsa ya faɗa. Amma ni na kwana da abin a raina. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, sama da shekara goma ke nan, kuma har yau muna tura yaran da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko ko ta biyu da taɓa na'urar, su zauna kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka tashi suka gan ta a falon gidansu.

Washegari na ba da labarin a ofishin malamai. Bakin kowa ya zo ɗaya: gwamnati ta sayo kwamfutoci. Ni ma har na buɗe baki zan ce haka, sai akwatunan nan suka faɗo mini a rai.

Waɗanda suka yi ƙaramar sakandare a shekarun 1980 za su gane abin da nake nufi. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, kuma niyyar da ke bayansa mai kyau ce ƙwarai. An so yaro ya fita daga aji uku yana iya riƙe zarto, ya san waya mai wuta da marar wuta, ko da bai ci gaba da karatu ba ya samu abin yi. Aka kawo darasin gabatar da fasaha, wanda muke kira Intirotek, aka yi odar injina daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Namu sun iso cikin manyan akwatunan katako, da wani rubutu a jiki wanda babu mai iya karantawa a cikinmu. Aka jera su a barandar bayan ofishin shugaban makaranta. Shekara uku na yi a makarantar, ban ga an cire ƙusa ɗaya daga jikinsu ba. Babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar da za ta ɗauke su, babu malamin da aka koya wa haɗa su. A kansu muke zama mu sha rake lokacin tara. A aji kuwa muna zana zarto da guduma a littafi, mu ja layi mu rubuta sunan kowane ɓangare da Turanci, mu haddace, mu ci jarrabawa.

Yau a makarantar da nake koyarwa akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da kwamfutoci ashirin a ciki, an lulluɓe su da leda. Shekara shida ke nan da kawo su. Ana buɗe shi idan manyan baƙi za su zo, a share, a rufe. Ba mugunta ce ta sa ba: babu kuɗin fetur, babu malamin darasin, kuma duk wanda mukulli ke hannunsa ya san idan guda ɗaya ta ɓata daga albashinsa za a cire. Shi ya sa muka tafi shago muka biya kuɗi alhali ga namu a kulle.

Ba ina cewa kada a sayo kwamfuta ba. A sayo. Amma yaron nan minti ashirin kawai ya buƙata, saboda yana da abin da ke ƙarƙashi: ya iya karatu, ya iya lissafi, ya saba da tambayar kansa dalilin abu. Waɗanda suke hana ni barci na gaske su ne 'yan aji huɗu na sakandare da nake karɓa kowace shekara. Bana su casa'in da uku ne a aji ɗaya, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Al'adata ce a makon farko in miƙa wa kowa littafi in ce ya karanta mini sakin layi ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa iya kai ƙarshen jimlar farko. Ba ma'anar ce ta gagare su ba, haɗa baƙaƙen ne. Yaro ya yi shekara tara yana zuwa makaranta, iyayensa sun saya masa yunifom, sun hana shi zuwa gona ko kasuwa, kuma kowace shekara an ciyar da shi gaba saboda ana buƙatar bencinsa. Yanzu an ce in koya masa dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki, shi kuwa raba goma sha biyu gida huɗu sai ya ƙirga da yatsu. Ko kwamfuta ɗari ka ajiye a gabansa, ba a nan gizo yake saƙa ba.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a yanzu fiye da da, sai na koma kan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Firamare bakwai ya gama, ya samu aiki a wata masaƙa a nan Kano. A lokacin Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da ma'aikata, in aka tashi daga aiki kekuna sai ka ce fari. A Kaduna ma haka, unguwar Kakuri ta rayu ne a kan masaƙu tun da aka buɗe ta farko a 1957. Baba ya yi shekara ashirin da ɗoriya a gaban inji guda, ya san kukanta, in zare zai tsinke yana ji a kunnensa kafin ya gani. Da wannan albashi ya ciyar da mu tara, ya gina ɗakuna huɗu, ya sauke farali. Sai wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, atamfa mai araha ta cika kasuwa daga ƙasar Sin, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ƙare rayuwarsa yana taya wani ƙanensa tsaron shago a Kantin Kwari, yana auna wa mutane yadin da aka saƙa a wata duniyar. Wata rana ina hutu daga jami'a na kai masa abinci, ya dube ni ya ce, "Ka riƙe karatun nan da kyau. Ni inji ɗaya na sani, ga shi ta mutu ta bar ni."

Na daɗe ban fahimci nauyin maganar ba. A zamaninsa mutum yana iya koyon abu guda ya ci abinci da shi har tsufa. Yaran da ke gabana yau ba su da wannan gatan. Duk abin da za su koya, kafin su yi shekara goma a kai ya canza kama. Kuma wanda suke takara da shi ba ɗan unguwar gaba ba ne, wani yaro ne a Indiya ko Sin ko Masar da ba za su taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai su ga kayansa a kasuwarsu.

Ina ganin wannan ƙuru-ƙuru a kasuwar waya ta Farm Centre, inda tsofaffin ɗalibaina da dama suke neman abinci. Akwai biyu da suka fara gyaran waya kusan lokaci guda, a wurin ubangida ɗaya. Na farkon hannunsa na da kyau, ya iya canza gilashi da wurin caji, abin da ya ga ana yi shi yake yi. Amma duk sanda sabuwar waya ta fito sai ya tsaya cik, ya jira wani ya fara buɗewa ya gani. Na biyun a aji ba ya cikin na gaba-gaba, amma ya iya karatu sosai kuma bai tsani lissafi ba. Shi yakan sauko da zanen cikin waya daga intanet, ya bi layukan da mita, ya kalli bidiyon masu gyara na wasu ƙasashe, ya gano inda wuta ta tsaya. Yanzu wayoyin da suka gagari layinsu gaba ɗaya wurinsa ake kaiwa, yana da yara shida a ƙarƙashinsa. Babu wanda ya koya masa gyaran waya a makarantarmu. Abin da ya fita da shi kawai shi ne iya koya wa kansa. Haka nake gani a harkar sola tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya koma neman faranti da batir. Mai iya lissafa nauyin wutar da gida ke ja ya zama abin nema, wanda kuwa yake haɗawa da ka, bayan wata uku batir ya mutu, mai gida ya bi shi da zagi.

In wani ya ce mini makarantar gwamnati ba za ta iya fitar da irin wannan yaro da yawa ba, sai in ce masa gani ya kori ji, ni a cikinta na fito. A 1977 tsohuwar jihar Kano, lokacin Jigawa tana ciki, ta dubi asibitocinta da ma'aikatunta ta ga 'yan jiha likitoci da injiniyoyi ba su taka kara sun karya ba. Sai ta buɗe makarantun kimiyya guda biyu, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta kafa musu hukuma ta kansu, daga baya aka ƙara wasu har da na 'yan mata. Ni Dawakin Tofa Allah ya kai ni. Jarrabawa ake yi a shiga, kuma a ɗakin kwananmu akwai ɗan manomi daga ƙauyen da ko mota ba ta zuwa, akwai ɗan babban ma'aikacin gwamnati, gado ɗaya sama ɗaya ƙasa, kwano iri ɗaya. Abin da ba zan manta ba shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da na fara haɗa batir da waya da ƙwan fitila da hannuna, na ga allurar mita ta motsa daidai da lissafin da na yi a takarda, ranar na san abin da zan yi da rayuwata. Malamanmu, 'yan gida da baƙi daga Indiya da Pakistan da Gana, suna shiga aji a kan lokaci, suna duba aikin gida da jan biro, kuma akwai masu zuwa su duba su su ma. Ka shiga manyan asibitocin Kano yau ka tambayi likitocin da suka manyanta inda suka yi sakandare, ka ji sau nawa za a ambaci Dawaki.

Na san abin da ake faɗa a kan tsarin, cewa ya tsince 'yan kaɗan ya bar dubbai. Gaskiya ne, kuma ba zan kare wannan ba. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne, an zauna an ce ga abin da muke so nan da shekara goma sha biyar, aka fara da malami da ɗakin gwaji da abincin yaro, aka kuma riƙe abin bai mutu da tafiyar wanda ya fara shi ba. Ko a lokacinmu mun ga alamar rauni: bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, malamai baƙi suka fara haɗa kayansu, don albashin ba ya kai su ko'ina in sun aika gida.

Wata ƙasa da nake yawan ba ɗalibaina labarinta ita ce Biyetnam. Sai 1975 yaƙi ya ƙare a can, ƙasar ta fito a ragargaje. A 2012 ta shiga gwajin PISA, wanda ake yi wa 'yan shekara goma sha biyar na ƙasashe da dama, ta zo ta 17 a lissafi, gaba da Birtaniya da Amurka. Gwajin yana auna waɗanda ke makaranta ne kawai, ban da waɗanda suka fita, amma duk da haka abin a jinjina ne ga ƙasar da ba mai arziki ba. Kuma makarantun gwamnati ne suka yi aikin. Ba banza ba kamfanin Samsung ya kafa manyan masana'antunsa na waya a arewacin ƙasar. Ka juya bayan kwalin wayoyi da yawa da ake sayarwa a Farm Centre, sunan Biyetnam za ka gani. Mai zuba jari yana duba wuta da hanya da tashar ruwa, amma yana kuma tambaya ko yarinyar da zai ɗauka aiki za ta iya karanta takardar umarni ta bi ta daidai.

To wa zai koya wa namu? Nan ne bakina yake nauyi, don maganar gidanmu ce. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu na firamare, aka ce 21,780 daga cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su. Na ji kunya a matsayina na malami, kuma ba zan ce a bar wanda bai iya karatu ba ya ci gaba da tsayawa gaban yara ba. Amma in aka tsaya a nan, an bar jaki ana dukan taiki. Wa ya ɗauke su aiki? Takardar wa suka kawo? Wace kwaleji ce ta ba su shaida? An rufe kwalejojin horon malamai masu ba da Gireti Tu, inda ake ɗaukar yaro tun yana ɗanye a shekara biyar ana koya masa yadda ake koyarwa, aka ce NCE, wato takardar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaida. Sai kwalejin ilimi ta zama wurin da ake tura wanda makinsa bai kai jami'a ba. Kowace shekara nakan tambayi 'yan ajin ƙarshe wa yake son zama malami. Bana ko hannu ɗaya ba a ɗaga ba. Ba zan ga laifinsu ba, suna ganin malamin lissafinsu, mutum mai digiri, yana jan adaidaita sahu daga la'asar zuwa goman dare, da safe ya shigo aji idanunsa jajur.

Sai maganar harshe, wadda aka mayar kamar wasan yara. Tun shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a firamare, a 2025 aka soke. Tsakanin shekarun nan uku ban ga littafin lissafi ko na kimiyya na Hausa ko guda ɗaya da ya iso makarantun unguwarmu ba, ban kuma ji an tara malamai an horar da su a kai ba. Wani akwatin ne aka ajiye a baranda, aka dawo aka ɗauke ba a buɗe ba. Ni dai abin da na sani daga aji shi ne, in na bayyana yadda wuta ke bin waya da Hausa, na kwatanta da ruwa a cikin tiyo, sai in ga fuskoki sun washe, daga nan in ɗora Turancin a kai ya zauna. Turanci dole ne, da shi yaron Farm Centre yake karanta zanensa. Amma yaron da bai iya karatu da harshen da yake mafarki da shi ba, da wuya ya iya da na aro.

Kuɗi ma akwai maganarsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru ana samun jihohin da suke barin nasu a ajiye don ba su kawo ba. A nan Kano an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, na kuma yi murna, don duk wanda ya koyar a ajin da rufinsa ya yaye ya san darajar kwano da benci. Fatana kada a tsaya a abin da ake iya ɗauka a hoto. Malamin aji ɗaya na firamare da ya iya koyar da karatu ba ya fitowa a hoto, amma a hannunsa komai yake.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma in na ɓoye na yi rashin gaskiya. 'Yar autata tana makarantar kuɗi. Yayyenta duk ta gwamnati suka yi, amma da aka zo kanta mahaifiyarta ta ce, "Malam, kai da bakinka kake ba ni labarin 'yan aji huɗun da ba sa iya karatu." Ban iya ce mata komai ba. Kusan duk abokan aikina haka suka yi, wanda ya samu hali. To in mu da muke ciki mun janye namu, ina ga kwamishina da ɗan majalisa da babban sakatare? A Dawaki, in famfo ya lalace ba ya kwana uku, don akwai uban da zai ji labari a ranar ziyara kuma yana da bakin magana. Yanzu iyayen da suka rage mana su ne mai faskare da mai ga-ruwa da bazawara mai sayar da ƙosai, mutanen da in sun zo taron iyaye suna zama a baya su yi shiru, suna ganin alfarma ake yi musu. Su ne mafi yawa, 'ya'yansu ne za su zama ma'aikatan ƙasar nan ko marasa aikinta, kuma ba su da wata makarantar sai wannan.

Tun farkon zangon nan ni da malamar Hausa muke tara 'yan aji huɗun nan da ba su iya karatu ba, minti talatin kafin a buga ƙararrawar safe. Daga baƙi da wasali muka fara, da Hausa. Da farko kunya ta hana su zuwa, samari masu gemu-gemu a ce su maimaita ba, bi, bu. Mun fara da bakwai, yanzu sun kai ashirin da shida, kuma ranar Talata ɗaya daga cikinsu ya karanta mini rabin shafi bai tsaya ba, da ya gama ya kifa kansa a benci ya ƙi ɗagowa.

Ranar Alhamis kuma na shiga wurin shugaban makaranta na roƙi mukullin ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka san abin da kake ɗauka wa kanka?" Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya sa na rubuta takarda na sa hannu cewa duk abin da ya ɓata a wuyana yake. Muka yaye ledar ni da ɗan mai faskare, muka aro janareta daga masallacin unguwa. Cikin ashirin, bakwai suka tashi. Sauran wasu ɓeraye sun ci wayoyinsu, wasu ko motsi. Na kira tsohon ɗalibina na Farm Centre na gaya masa, ya ce Asabar mai zuwa zai zo da yaransa biyu da mitarsa. Ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, ni dai in tanadi fetur.